Bindiga Harbi Biyu Take Yi: Fashin Baƙi Kan Bugun Baya Da Birkin Baki

Kalma ɗaya ce a bakinmu ga abin da bindiga ke yi wa dabba da abin da jaki ke yi wa wanda ya tsaya masa a baya: harbi. Wanda ya taɓa ɗora babbar bindigar farauta a kafaɗa ya ja kunama ya san ba a yi ɓatan baki ba. Harbi biyu take yi a lokaci guda, ɗaya ya tafi gaba da harsashi, ɗaya ya dawo ya sauka a kafaɗar mai ita. A ƙaramar bindiga ba wanda ke kula da na bayan. Amma da zarar an shiga sahun bindigogin ɓauna da giwa da dorina, na bayan nan ne ke raba maharbin da zai kayar da dabba nan take da wanda zai ji mata rauni ta shige kurmi tana huci.

Ba don burga ake ɗaukar irin waɗannan bindigogi ba. Bajimin ɓauna yakan haura kilo 600, ga fata mai kauri, ga haƙarƙari masu faɗi da suka kusa hawa kan juna kamar sulke. Ƙaramin harsashi ba ya ratsa wannan ya kai ga zuciya. Shi ya sa ƙasashe irin su Tanzaniya suka sa doka cewa ba a tunkarar manyan namun daji masu haɗari da abin da ya gaza .375, wato harsashi mai faɗin milimita 9.5. Sunayen da ake ji a wannan fage tsofaffi ne. Kamfanin John Rigby na Landan ya fito da .416 Rigby a 1911, Holland & Holland ya biyo da .375 H&H Magnum a 1912. Amurkawa sun shigo daga baya da .458 Winchester Magnum a 1956, sannan Roy Weatherby ya kawo .460 ɗinsa a 1958, wadda har yau ake ambatonta idan ana hirar bindigar da ke ladabtar da mai ita.

Asalin abin lissafi ne mai sauƙi, kuma Isaac Newton ya rubuta shi tun 1687: duk abin da ka tura, shi ma ya tura ka daidai gwargwado. Idan albarushi ya kama a cikin kwanso, hayakinsa mai zafi yana tura ƙwayar harsashi gaba da ƙarfin da yake tura gindin kwanso baya. Nauyin abin da ya fita ta baki sau gudunsa dole ya zo daidai da nauyin bindiga sau gudun da za ta ja baya da shi. Ba wani maƙeri da zai soke wannan.

Mu ɗauki .375 H&H. Ƙwayarta da aka fi sani giren 300 ce a ma'aunin maharba, wato giram 19.4, kuma tana barin baki da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa. Idan bindigar da madubinta na hangen nesa sun kai kilo 4.5, za ta ja baya da gudun kusan mita biyar a daƙiƙa, nauyin dukan kuma, a ma'aunin ƙarfi da ake kira jul, ya kai 50 ko ɗan fiye. In kana son ka ji jul 50 a jikinka, ka ɗauka kana kwance aka ɗaga bindigar sama da mita ɗaya, aka sake ta gindinta ya faɗo maka a kafaɗa. Bindigar .30-06 da ake harbin barewa da ita tana ba da kamar jul 27, kuma nan ne iyakar abin da yawancin mutane ke iya jurewa harbi bayan harbi ba tare da hannunsu ya lalace ba. Ta .458 tana kai jul 75. Ta .460 Weatherby tana wuce 130.

Akwai wani abu a lissafin nan da masu sayen bindiga ke tsallakewa a kanti, sai sun je fili jiki ya gaya musu. Harsashi ɗaya, turi ɗaya, amma dukan yana raguwa ne gwargwadon nauyin bindiga. Waccan .375 ɗin, in aka rage mata kilo ɗaya ta koma 3.5 don ta yi daɗin ɗauka, dukanta ya tashi daga jul 51 zuwa kusan 66, kuma ya ƙara sauri. Saurin ma abin dubawa ne, don kafaɗa ta san bambancin turi da mari. Tsohuwar .416 Rigby mai nauyin kilo biyar tura mutum take yi, ya ɗan yi baya ya dawo. Sakayau ɗin bindiga mai harsashi mai tsananin gudu kuwa marinsa take yi har haƙora su haɗu, ko da a takarda jul ɗinsu bai bambanta sosai ba. Maƙeran Ingila na farkon ƙarni na 20 ba jahilci ne ya sa suke ƙera bindiga mai baki biyu ta .470 da nauyin kilo biyar ba.

To ina birki ya shigo?

Abin da ke fita ta bakin bindiga kashi biyu ne. Akwai ƙwayar harsashi, akwai kuma albarushin da ya ƙone. Mutane kan manta cewa albarushi ba ɓacewa yake yi ba. Giram biyar aka zuba, giram biyar ne za su fito a matsayin hayaki mai zafi, kuma da zarar ƙwaya ta buɗe masa hanya yana fita da gudun da ya fi nata, kusan ninki ɗaya da kashi uku cikin huɗu a ƙiyasin da masu wannan lissafi ke amfani da shi. A wannan ɗan lokaci bindigar ta zama roka, bakinta shi ne wutsiyar, kafaɗarka ce inda ta nufa.

Birkin baki ƙarfe ne mai huda a tsakiya da tagogi a gefe, ana murɗa shi a bakin bututu kamar noti. Ƙwaya ta bi hudar tsakiya ta wuce abinta. Hayakin da ke biye da ita kuwa yana buɗewa, sai ya ci karo da bangayen da ke cikin birkin, ya tura su gaba, sannan ya fice ta gefe. Riba biyu ke nan: hayakin da ya fita ta gefe bai ƙara tura bindiga baya ba, dukan da ya yi wa bangayen kuma ya fizge ta gaba. Idan an karkata tagogin suna kallon baya kaɗan, fizgar ta ƙaru. Fasahar daga fagen yaƙi ta zo. Igwa da tankokin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa suna da shi a baki, haka ma bindigar Boys ta fasa tanka da sojan Ingila suka fara riƙewa a 1937, don ba don shi ba da kafaɗar soja ba ta kai labari ba.

Ga inda gizo ke saƙa: birki hayaki kaɗai yake iya kamawa. Rabon ƙwaya ya riga ya shiga bindiga tun tana cikin bututu, ba abin da ƙarfen da ke baki zai yi a kai. Saboda haka amfanin birki ya dogara ne kan yawan albarushi idan aka gwada shi da nauyin ƙwaya. Dubi harsasai biyu da ke cin albarushi kusan daidai, wajen giram 4.7 kowanne. Na .300 Winchester Magnum ƙwayarsa giram 11.7 ce mai gudun mita 900 a daƙiƙa, kuma hayaki ne ke da kusan kashi 40 cikin 100 na turinsa. Na .458 Winchester ƙwayarsa giram 32.4 ce mai gudun mita 640, rabon hayaki a turinsa bai wuce kashi 20 ba. Da za a samu birkin da zai shafe rabon hayaki gaba ɗaya, dukan .300 zai sauko daga jul 40 zuwa 14, na .458 kuwa daga 75 zuwa 48 kawai. Wato bindigar da ta fi bukatar sauƙi ita ce birki ya fi yi wa rowa. Idan ka ga an rubuta a kwali cewa birki yana rage rabin bugu, ka tambaya da wane harsashi aka gwada. Kusan kullum da mai yawan albarushi ne da ƙaramar ƙwaya. Ita .460 Weatherby ta fita daban, don kwansonta yana cin albarushi kusan giram takwas, shi ya sa birki ke yi mata aiki, kuma kamfanin da birkinta yake sayar da ita.

Irinsu ba su da yawa. Akwai mai ƙananan huji zagaye da shi, wanda ba ruwansa da inda ya tsaya idan an murɗa, amma in ka harba kana rub da ciki zai tayar maka da ƙura da tsakuwa har cikin ido. Akwai mai manyan tagogi hagu da dama, ƙasansa a rufe, wanda ya fi ƙarfi amma sai an daidaita shi ya tsaya cak, in ya karkace ya riƙa ture bakin bindiga gefe. Akwai kuma huda bututun kansa ta sama kusa da baki, irin aikin da kamfanin Mag-na-port na Amurka ya yi suna da shi tun shekarun 1970. Wannan ya fi hana baki ɗagawa sama fiye da rage bugu. Kowanne ne dai, aikin ƙwararren maƙerin bindiga ne. Hudar birki ta fi ƙwaya faɗi da kamar rabin milimita kawai, in ba ta zauna daidai da tsakiyar bututu ba ƙwaya za ta goge ta, daga nan sai dai Allah ya kiyaye.

Yanzu sai kuɗin da ake biya, kuma da kunne ake biyansa.

Na taɓa zama a filin gwajin harbi, tebur ɗaya tsakanina da wani mai sabuwar .338 da ya sa wa birki mai tagogin gefe. Na ɗaga marufin kunnena na hagu don in ji abin da wani ke gaya mini, daidai lokacin ya ja kunama. Ba ƙara na fara ji ba, wani abu ne ya doke ni a fuska da ƙirji kamar an buga ƙofa da ƙarfi a ƙaramin ɗaki. Takardun da ke kan teburina suka watse ƙasa. Kunnen ya kwana biyu yana ƙugi. Shi kuwa mai bindigar murmushi yake yi, yana cewa ai kamar ƙaramar .243 take a kafaɗa. Gaskiya ya faɗa. Abin da aka ɗauke wa kafaɗarsa ne aka raba mana mu da ke gefe.

Babbar bindiga ko ba birki ƙararta tana kai desibel 160. Masana lafiyar ji sun sa 140 a matsayin iyakar da ƙara guda ɗaya tak ke iya yi wa kunne lahani. Birki yakan ƙara biyar zuwa goma a inda kan maharbi yake, wani ma fiye, don ƙarar da da can take tafiya gaba yanzu an juyo da ita gefe da baya. Kada goma ta yi maka kama da kaɗan. Ma'aunin desibel hawa yake yi ninki-ninki, ƙarin goma yana nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau goma. Cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Kafaɗa ta yi tsami ta warke cikin mako guda, kunne ba ya dawowa. Wani abin lura kuma, maharbi mai harbi da dama kunnensa na hagu ne ke fara tafiya, don shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama yana fake a bayan kai kusa da ƙota. Duk mai harbi da birki ya kamata ya haɗa biyu, abin cusawa a kunne da marufi a kai, ko da yake haɗin ba ninka kariyar yake yi ba, 'yan desibel yake ƙarawa.

A fili wannan mai sauƙi ne. A daji fa? Mai bin ɓauna cikin ciyawa da kunne yake tafiya: karyewar kara, kukan tsuntsayen da ke bin bayan dabba, raɗar mai bin sawu. Ba ya tafiya shi kaɗai kuma. Jagoran farauta yana kafaɗarsa, mai bin sawu yana durƙushe taki biyu a gaba ta gefe yana riƙe da sandunan ɗora bindiga, wato daidai inda tagar birki ke kallo. Baƙo harbi biyu ko uku zai yi ya koma gida, su kuwa sana'arsu ke nan shekara da shekaru. Ba mamaki jagorori da yawa ba sa son ganin birki a sansaninsu, wasu ma kai tsaye suke cewa a kwance shi kafin a fita. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Marufin kunne mai batir, wanda ke ƙara ƙaramin sauti ya datse babba, ya rage matsalar, amma sai in kowa a tawagar yana da shi, har karnuka in da su, wanda ba ya yiwuwa.

Sai dai fa duk wannan magana ta jul da desibel ba ita ce ke sa a kuskure dabba ba. Ƙwaya tana barin bututu cikin abin da bai kai kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. A wannan lokaci .375 ba ta ja baya fiye da milimita uku ba. Duk tsallen da ake gani, da ɗagawar baki, da mutum ya yi taga-taga, bayan ƙwaya ta tafi ne. Abin da ke ɓata harbi yana faruwa kafin ƙara: zabura.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Jiki ya koyi cewa jan kunama yana zuwa da duka da tsawa, sai ya fara kare kansa tun kafin su iso. Ido ya ƙifta, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizge kunama maimakon ya matsa ta. Mai yi bai san yana yi ba, don bugun yana rufe komai. Na ga wani dattijo da harsasansa ke sauka ƙasa ta hagu, ya dage madubi ne ya goce. Mai koyar da harbi a wurin bai yi masa gardama ba. Ya ce, “Yallaɓai, juya baya in loda maka da kaina.” Ya sa masa harsashi biyu na gaske, na uku na bogi marar albarushi. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. A na uku kunama ta ce ƙyas, ba ƙara ba hayaki, amma bakin bindigar ya nutsa ƙasa kusan taƙi guda, idanun dattijon duka biyu a runtse, kafaɗarsa ta kai wa iska naushi. Ya buɗe ido ya dubi bindigar ya dubi mutane, ya ce, “Ashe ni ne.” Ba wanda ya yi dariya, don duk wanda ke wurin ya taɓa zama shi.

Nan ne hujjar masu birki ta fi ƙarfi, kuma nan ne ta fi rauni. Gaskiya ne rage duka yana rage zabura. Amma tsawa ma tana haifar da ita, wani lokaci fiye da duka. Mutum ya sa birki bai kare kunne da kyau ba, an yi gudun gara an faɗa zago. Da yawa daga masu cewa bindiga ta fi ƙarfinsu, in aka toshe musu kunne ninki biyu sai ka ga harbinsu ya gyaru ba a taɓa bindigar ba.

Kafin a kai ga birki akwai abubuwan da ba sa cin kunnen kowa. Na farko nauyi, an riga an ga lissafinsa. Ana iya cusa dalma ko bututun zaiba a cikin ƙota. Masu sayar da na zaiba suna cewa motsinta a ciki yana jan dukan ya yi tsawo. Ni dai na fi yarda cewa nauyin da ya ƙaru ne ke yin yawancin aikin. A kula kawai kada gindi ya rinjayi gaba bindiga ta daina hawa kafaɗa da kanta.

Ƙirar ƙota ta fi komai, kuma ita aka fi rainawa. Bututu yana sama da inda gindi ke taɓa kafaɗa, don haka bugu ba baya kawai yake turawa ba, juya bindigar yake yi baki ya tashi sama. Iya nisan da gindi ya sauka ƙasa da layin bututu, iya yadda za ta ɗaga ta daki kunci. Ƙota miƙaƙƙiya tana kai dukan kai tsaye cikin kafaɗa. Wadda wurin ɗora kuncinta ya gangara gaba kuwa zamewa take yi daga fuska idan ta ja baya. In ƙota ta yi wa mutum gajarta, babban yatsansa ne zai daki hancinsa. Robar gindi mai faɗi da laushi, irin su Pachmayr Decelerator ko LimbSaver, ba ta rage jul ko ɗaya, amma tana shimfiɗa dukan a wuri mai faɗi da lokaci mai ɗan tsawo, kuma abin da kafaɗa ke ji ke nan. In ka lura da manyan bindigogin da aka ƙera da hankali, za ka ga zoben rataya yana kan bututu ne ba a ƙarƙashin katako ba. Wani ne ya taɓa tsaga tafin hannu da shi aka koyi darasi.

Madubi kuma a ba shi tazara. A babbar bindiga ana son wanda za ka ga hoto cikakke idonka yana nesa da shi da santimita tara ko goma. Masu tabo mai siffar jinjirin wata a gira sun san dalili. Yawanci yana samun mutum ne idan yana harbi sama a kan tudu, ko ya miƙa wuya gaba cikin zumuɗi.

Tsayuwa: ƙafar gaba ta ɗauki nauyi, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji ya ɗan rusuna gaba, gindin bindiga a matse cikin lungun tsokar da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji ba a kan ƙashi ba. In ka bar rata ko ta yatsa ɗaya ce, ka ba ta filin ɗaukar gudu kafin ta same ka. Hannun gaba ya riƙe katako da gaske. Sannan ka bar jiki ya tafi da ita, kada ka yi dambe da ita. Siririn mutum da ya iya wannan yakan fi ƙato jin daɗin babbar bindiga, don shi lanƙwasa yake yi, ƙaton kuwa bango ne, duk dukan a cikinsa yake ƙarewa. Wannan ne ma ya sa teburin gwaji ya zama inda aka fi koyon zabura. Kana zaune ka kifa gaba, jiki ba inda zai je. A yi saiti a tebur da harsashi kaɗan, da jakar yashi ko kushin a kafaɗa, sauran atisaye a yi shi a tsaye kan sanduna, biyar zuwa goma a rana ya isa. Ragowar a cike da ƙaramar .22 da jan kunama kan harsashin bogi. Akwai kuma marikin da ake ɗaure bindiga a ciki a danne da nauyi don kada ta motsa sam. Kafaɗa ta huta, amma dukan bai ɓace ba, katako da madubi ne suka shanye shi, kuma ƙota takan tsage a haka. Masu loda harsashi da kansu suna iya yin mai sauƙi don atisaye, amma daga littafin ma'auni na masu yin albarushin, ba da ka ba. Rage albarushi mai jinkirin ci fiye da ƙima yana da nasa haɗarin.

Wasu sun raba gardama da birki mai kwancewa: a yi atisaye da shi, ranar farauta a cire a murɗa ɗan zoben da ke kare wurin. Dabarar tana da ma'ana, don a gaban dabba jini ya hau ba wanda ke jin bugu, zaburar da aka koya a fili ce kawai ke biyo mutum. Sharaɗin shi ne a gwada saiti a hali biyun. Bututu yana karkarwa idan harsashi na bin cikinsa, ƙara masa nauyi a baki ko rage shi yana canza inda ƙwaya ke sauka, wani lokaci da santimita da yawa a mita 100. Kuma harbin ƙarshe kafin tafiya ya zama ba birki, don kada bugun gaske ya zo wa mutum a baƙo ranar da zai bukaci sake ɗanawa cikin gaggawa.

Salansa ita ce ta haɗa riba biyu. Hiram Percy Maxim ya yi mata rajista a 1909, kuma dabararta ɗaya da ta salansar mota: a tsare hayaki a ɗakuna ya huce ya fita a hankali. Tana rage ƙara da desibel 20 zuwa 30, ba ta mai da bindiga shiru kamar a fim ba, tana kuma rage bugu, ko da bai kai na birki mai kyau ba. A Finlan da Norwe da Birtaniya ta zama kayan farauta na yau da kullum. A Amurka tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, wasu ƙasashe kuma sun haramta ta ɗungurungum, don haka dokar wuri ce ke yanke hukunci. Aibinta a manyan bindigogi shi ne tsawo da nauyi a can ƙarshen baki, ga ta tana tare saitin ƙarfe da ke kan bututu. A sarari ba laifi. A cikin sarƙaƙiya inda ɓauna ke iya ɓullowa a taki goma, ƙarin taƙi guda a bakin bindiga ba ƙaramin abu ba ne.

Ni a ganina birki yana da gidansa. Mai .300 ko .338 da ke harbin nesa a tsauni, yana kwance, yana da lokacin toshe kunne, abokinsa yana bayansa ba a gefe ba, wannan birki ya yi masa rana, har yakan ga saukar harsashinsa ta cikin madubi don baki bai tashi ba. Haka wanda aka yi wa aiki a kafaɗa ko wuya, wanda in ba birki sai dai ya ajiye farauta. Amma mai lafiya da ya sayi .458 ya ga ba ya iya harba ta sai da birki, ba birki yake bukata ba, .375 yake bukata, ko 9.3×62 da Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905, a inda doka ta yarda da ita. Jagorori sun fi sakin jiki da baƙon da ya zo da .375 da baƙin ƙarfenta ya koɗe don yawan riƙo, a kan mai sabuwar .460 da kwalin harsashi ashirin da aka harba uku kacal a ciki. Ranar farko a sansani sukan kafa kwali a mita 50 su ce a gwada saiti, wai ko jirgi ya girgiza madubi. Shi jagoran ba kwalin yake kallo ba, ya koma gefe yana kallon idon baƙon.